Ƙarar da Kaka Lehua Ta Zo Ji

Akwai wani mutum a Nanakuli, can yammacin tsibirinmu na Oahu, ana ce masa Alika Furtado. Direban motar kwaɓa siminti ne. Duk wanda ya taɓa zama kallon sofbol, wasan nan na jefa ƙwallo a buga da sanda, na 'yan matan kwaleji a tsibirin nan ya san muryar Alika, ko da bai san fuskarsa ba. Ni kam na sani. Shekara huɗu ina raba abinci a teburin iyaye bayan kowane wasa, kunnena ya sha muryar nan har ya ƙoshi.

Wurin zamansa ɗaya ne, ba ya canzawa: jikin shingen waya, daidai bayan alƙaliyar wasa. Zai zo da kujerarsa ta naɗewa da wata ƙatuwar gorar ƙarfe cike da ƙanƙara. Kafin a jefa ƙwallon farko ya riga ya fara.

"Alƙaliya, kin baro idonki a gida ne? A aika a ɗauko miki!"

In kuwa mai jifa ta baƙi ce, yarinya 'yar shekara sha tara da ta tsallako teku don ta yi wasa, sai ya koma kanta.

"Ke mai jifa! Shinkafar safe ce ta danne miki hannu? Rage ci, 'yar nan, rigar ma kuka take!"

Na taɓa ganin wata yarinya daga California ta juya baya a tsakiyar fili tana share hawaye da wuyan rigarta. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, jama'ar wannan shafi, mu ma da laifinmu. Dariya muke yi. Mu ce, "Kai, Kawu Alika ba dama!" Mu zuba masa kaza biyu a faranti. Wanda ake yi wa dariya kuwa ai gani yake gwaninta yake yi.

Alika yana da 'ya ɗaya tak, Kanoe. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara shida, sai mahaifiyar Alika, Kaka Lehua, ta rungume ta. A bayan gidan kakar nan Kanoe ta koyi riƙe sanda. Uban ya jefa, 'yar ta buga, tsohuwa tana zaune a baranda tana ƙirgawa.

Kanoe ta samu shiga ƙungiyar kwaleji, amma a shekararta ta biyu jijiyar gwiwarta ta tsinke. Aka yi aiki, ta warke, sai dai gudun bai dawo ba. Daga nan benci ya zama gidanta. Ita ce mai ɗaukar jakar ƙwallaye, ita ce mai yi wa 'yan uwanta kirari daga gefe. Ban taɓa jin yarinyar nan ta yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Uban ne ya ɗauki ƙorafin duka ya ɗora a kansa. A wurinsa koci ba ta son 'yarsa, alƙalai ba sa son ƙungiyarsu, kowa maƙiyi ne.

To, mu a nan muna da al'ada. Wasan ƙarshe da za a yi a gida, ranar 'yan shekarar ƙarshe ce. A ranar koci takan sa kowace mai fita a cikin jerin masu bugu, ko da shekara biyu ta yi a benci, don ta tsaya da sanda a gaban danginta sau ɗaya kafin ta ajiye rigar. Ana tashi daga wasa iyaye su shiga fili su yi ta zuba wa 'ya'yansu lei, wato sarƙar furanni, a wuya, har sai ido kawai ake gani.

Bugu ɗaya ke nan ya rage wa Kanoe a duniya. Sauran wasannin duk a ƙetare ne, kuma sunanta ba ya cikin masu tafiya.

Kaka Lehua kuwa ta kai tamanin da uku. Ciwon suga ya cinye mata ido, ya zaunar da ita a keken guragu, ga wankin ƙoda sau uku a mako. Tunda jikarta ta shiga kwaleji ba ta taɓa zuwa fili ba, tafiyar ta fi ƙarfinta. Amma a wannan karon ta kafe.

"Ko a kan katifa ne ku ɗauke ni," in ji ta. "Ni ba gani zan je yi ba, idon ya riga ya tafi. Ji zan je yi. Ƙarar sandar Kanoe ko cikin dubu na san ta."

Ana gobe wasa, da la'asar, Alika yana wanke motarsa a ƙofar gida, Kanoe ta zo ta tsaya a gefensa.

"Baba, abu ɗaya zan roƙe ka."

"Faɗi, 'yar baba. Ko wata kike so a sauko miki da shi?"

"Gobe ka yi shiru."

Ya saki tiyon ruwa ya dube ta. "Ni? Ni da nake tsaya miki? In ban yi magana ba ai taka ku za su yi."

"Baba, ba tsaya mini kake yi ba. Duk ranar da ka buɗe baki ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau biyu aka yi maka kashedi a bana. Koci ta ce na uku fitar da kai za a yi. Ban damu in buga ko in kuskure ba. Ina so dai Kaka ta ji. Minti biyu ne, Baba. Ka ba ni minti biyu."

Alika ya yi dariya, ya jawo ta ya rungume da jiƙaƙƙen hannunsa.

"Shi ke nan? An gama. Gobe ko tari ba za ki ji daga bakina ba. Na yi alkawari."

Kuma wallahi na yarda da zuciya ɗaya ya faɗa. Mutumin nan yana son 'yarsa, wannan babu mai musu. Sai dai hali zanen dutse ne.

Da asuba Kaka Lehua ta sa aka tura ta gindin shukokin ilima da ta dasa a shekarar da Kanoe ta shiga kwaleji. Wanda ya san ilima ya san wahalarta. Fure ne ƙarami, ruwan gwaiduwa, siriri kamar fatar albasa. Sai ka tsinki wajen ɗari bakwai kafin ka sami zagaye ɗaya na wuya, kuma a ranar da aka tsinka a ranar ake sawa, kafin yamma ya yi yaushi. Maƙwabta suka tsinko mata, amma ta hana kowa taɓa allurar. Da laluben yatsa ta huda su ɗaya bayan ɗaya. Ta naɗe shi a ɗanyen ganye, ta ɗora a cinyarta, ba ta yarda an sa a kula ba.

Alƙaliyar ranar ita ce Anti Doris Nakasone. 'Yar gajeriyar mace ce mai furfura, ta yi ritaya daga aikin ɗakin girkin makaranta, shekara talatin tana hukunci a filayen tsibirin nan. Rabin 'yan matan da ke wasa a gabanta suka girma. Kanoe tana 'yar shekara bakwai Anti Doris ta taɓa tsayar da wasa ta durƙusa ta ɗaure mata igiyar takalmi. Zagin Alika kuwa ta sha shi har ta daina ƙirgawa, iyakarta ta gyara abin rufe fuskarta ta ce a ci gaba.

Aka fara wasa. Fili ya cika maƙil, ko'ina ƙamshin furanni ne ke tashi daga kuloli. Aka ajiye keken Kaka Lehua a gefen kujerar ɗanta.

Zagaye na farko, shiru. Na biyu, shiru. Alika ya cusa gefen tawul a baki yana taunawa, jijiyar wuyansa ta fito raɗa-raɗa. Har muka fara tsokanarsa.

"Kawu Alika, lafiya kuwa? Ko a kira likita?"

Ya ɗaga mana hannu kawai, bai ce uffan ba.

Kanoe ce ta tara a jeri. A zagaye na uku lasifika ta kira sunanta. Jama'a suka miƙe tsaye gaba ɗaya, har 'yan matan baƙi suka fito bakin rumfarsu suna tafi. Ta taho a hankali da ƙarfen tallafi ɗaure a gwiwarta, sanda a kafaɗa. Ni dai tuni idona ya cika.

Kaka Lehua ta miƙa wuya. "Ita ce? To ku yi mini shiru mana, in ji!"

Aka yi dariya, sannan aka yi tsit. Fili guda, mutum ɗaruruwa, saboda tsohuwa ɗaya.

Dokar wasan kowa ya san ta: ƙwallo ta wuce daidai ba ki buga ba, alƙaliya ta ƙirga miki ɗaya, in aka kai uku kin fita. Mai jifa ta wulwula hannu ta saki. Ƙwallon ta wuce ƙasa-ƙasa, wajen gwiwa, Kanoe ba ta motsa ba. Anti Doris ta ɗaga hannun dama. Ɗaya.

Daga inda nake ban san ko daidai ne ko ba daidai ba. A ce ma kuskure ne, ai saura biyu. Kanoe kanta gyaɗa kai ta yi, ta gyara tsayuwa.

Sai tawul ya faɗo daga bakin Alika.

"Ɗaya? Wannan ce ɗaya? Ƙwallon da ke shara a ƙasa? Tsohuwar banza, makauniya! Yau ma? Yau ma sai kun cuce ta?"

Ya damƙi wayar shinge yana jijjigawa. Kanoe ta fita daga wurin bugu ta juyo.

"Baba. Don Allah."

Kaka Lehua ta laluba ta kamo gefen rigarsa. "Alika, zauna. Zauna, ɗan nan, ba na jin komai."

Ina! Ya riga ya hau. Ya fizge rigarsa, ya suri gorarsa, ya bi shingen yana zagi har inda wayar ta gajarta, iya ƙirji.

Abin da doka ta ce, Anti Doris ta kira jami'in fili a fitar da shi, shi ke nan. Ba ta yi haka ba. Ta san waye a tsaye da sanda, ta san wace ce a keken guragu, ba ta so a ja uba a fitar a gaban 'yarsa a rana irin wannan. Sai ta tsayar da wasa, ta cire abin rufe fuskarta ta riƙe a hannu, ta tako zuwa wurinsa.

"Alika," ta ce, a hankali, kamar mai lallashin ƙaninta. "Haba. Je ka zauna kusa da Mama. Bar yarinyar nan ta yi bugunta."

Wani daga ɓangaren baƙi ya yi ihu, "A ba shi nono ya yi barci!" Aka kwashe da dariya.

Dariyar nan ce ta ƙarasa shi.

"Ke ce za ki koya mini yadda zan so 'yata?"

Gorar ƙarfen tana hannunsa, cike da ƙanƙara. Sai ya wurga ta. Daga baya ya rantse wa 'yan sanda ƙasa ya yi niyyar jefawa. Wataƙila gaskiya ne. Amma a idon hagu ta sami Anti Doris, sannan ta faɗa kan turken ƙarfen shinge, ta yi ƙara, ƙwal!

Anti Doris ta zube a kan gwiwoyinta. Fili ya mutu.

A cikin shirun nan sai muka ji tafi. Mutum ɗaya ke tafawa. Kaka Lehua ce, fuskarta cike da murna.

"Ta buga! Ta buga ko? Ina ta nufa? Ku faɗa mini mana, ta yi nisa?"

Na rayu shekara hamsin da takwas, ban taɓa jin abin da ya soki zuciyata kamar tafin tsohuwar nan ba.

Kanoe ce ta yar da sanda ta ruga wurin Anti Doris, ta cire rigar samanta ta danne mata ido. Jini ya jiƙa rigar nan da nan. Alƙali na biyu ya ɗaga hannu ya ce an tashi wasa, an ba baƙi nasara, kowa ya fita daga fili. Maza biyu suka riƙe Alika. Bai ma yi gardama ba, yana ta kallon hannunsa.

'Yan mata biyar ne za su fita a shekarar. Babu wadda aka kira tsakiyar fili. Akwai iyayen da suka taso daga Maui, akwai wata kaka da ta zo tun daga Samoa. Duk suka tsaya a wurin ajiye motoci da kuloli a hannu, suna rataya wa 'ya'yansu furanni a tsakanin motoci, kowa na kuka ƙasa-ƙasa. Abincin da muka dafa ko buɗe shi ba a yi ba.

Ni ce na durƙusa na gaya wa Kaka Lehua abin da ya faru, tunda dole wani ya faɗa. Ta saurara har na gama. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Tura ni wurin Doris."

An riga an ɗora Anti Doris a gadon motar asibiti, an naɗe mata rabin fuska. Kanoe na tsaye a gefenta. Tsohuwa ta warware ɗanyen ganyen da ke cinyarta, ta laluba har ta sami kafaɗar Anti Doris.

"Doris, ni na haife shi. Wannan na jikata ne, tun asuba nake huda shi. Ba ni da abin da ya fi shi daraja, shi ya sa na kawo miki. Ki yafe wa gidana."

Ta rataya mata, ta sumbace ta a kumatu kamar yadda ake yi. A wurinmu ba a mayar da lei, don haka Anti Doris ba ta ce a'a ba. Hannun Kanoe ta kamo.

"'Yar nan, makullin motata na aljihun wandona. Akwai kula a kujerar baya. Lei ɗin da ke ciki naki ne, daga bishiyar gidana na tsinko. Na so in sa miki da hannuna bayan wasa."

Matar da Alika ya shekara huɗu yana cewa ta tsani 'yarsa ke nan.

Idon Anti Doris bai tashi ba. Mai ido ɗaya ba ta iya hukuncin ƙwallon da ke tahowa da gudu, don haka shekara talatin ɗinta a nan suka ƙare. Kotu ta yi wa Alika nata hukuncin, aka kuma haramta masa taka kowane filin wasa na kwaleji. Kanoe ta kwashe kayanta ta koma ɗakin ƙawarta a cikin gari.

Kaka Lehua kuwa a makon nan jikinta ya rikice, aka kwantar da ita a asibiti. Alika yana zuwa kullum bayan aiki, ya zauna a bakin gado. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Wata rana da hantsi ina wurin na kai mata miya, sai ya matso ya kama hannunta.

"Mama, na yi tunani. Zan roƙi Kanoe ta zo gida. In jefa mata a bayan gidanki kamar da, ta buga, in ɗauka a waya in kawo miki ki ji."

Tsohuwa ta girgiza kai.

"Ta bayan gidana na ji ta sau dubu, Alika. Wadda aka kira sunanta a lasifika na je ji." Ta juya fuskarta wajen bango. "Fure ɗari bakwai na huda da makahon hannuna don in ji ƙara ɗaya. Muryarka na ji. Ita kuwa shekara hamsin ina jin ta."

Ƙaton mutumin nan ya kifa kansa a gefen katifa yana kuka kamar yaro. Na ajiye miyar na fita.

Bayan kwana tara ta rasu.

Kanoe ta gama kwaleji, tana aikin gashin ƙashi a wani asibiti. Duk Lahadi takan je ta ɗauki Anti Doris ta kai ta cefane, tunda ta daina tuƙi. Tana gaida ubanta in sun haɗu, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Sanda dai ba ta sake riƙewa ba.

Shi kuwa Alika, duk Asabar ɗin da ake wasa za ka ga motarsa a tsallaken titi, inda dokar ba ta kai ba. Yana zaune a ciki, gilashi a rufe, daga farkon wasa har ƙarshe. Ba 'yarsa a filin, ba uwarsa a duniya. Yanzu ya iya shiru, na awa biyu cur, ko tari ba ya yi.

Minti biyu aka roƙe shi.

Darasi: Son ɗanka ba hujja ba ce ta wulaƙanta ɗan wani. Alƙalin da kake zagi mutum ne, yarinyar da kake yi wa ba'a 'yar wasu ce, kuma wanda ya fi kowa jin kunyar ihunka shi ne naka da ke cikin fili. Ranar yara ce, ba taka ba, ka zauna ka tafa. Mu kuma masu dariya mu ji tsoron Allah, dariyarmu ce takin irin su Alika. Da na sani ƙeya ce, a baya take. In akwai mai irin wannan hali a filinku ko a gidanku, ku tura masa labarin nan tun kafin wasan Asabar, ku kuma yaɗa shi ga sauran iyaye.